Dutsen Gwaji da Daɓen Ɗakin Haruna

Tudun Wada,
ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga ɗana Sa'idu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Allah Ya kai ka Jos lafiya, Ya sauke ka a hannun mutanen kirki, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na abokin hanya. Innarka tana gaishe ka. Ta ƙulle maka dakuwa da yaji a ƙasan akwatinka, kada ka manta da su har su lalace.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san bokon nawa na ajin yaƙi da jahilci ne, da furfura na koye shi. Na so in raka ka Ƙafin Maiyaki inda za ka hau mota, in faɗa maka wannan magana baki da baki, amma gwiwa ta hana. Ko da ƙafar ta yarda ma, na san halina. In na gan ka tsaye da akwati a ka, bakina zai mutu. Shi ya sa na zauna a zaure na rubuta, kawunka zai miƙa maka a tasha.

Ran da ka dawo daga Kano ka ce an ɗauke ka aikin neman ma'adinai, kuma za a koya maka riƙe akwatin nan mai sauraron duwatsu, na yi dariya, ka ɗauka raini ne. Ba raini ba ne. Na saɓa irinsa a kafaɗa tun kana makarantar midil, daga duwatsun Riruwai har bakin dajin Falgore. In ka zo hutu ba na zama in ba ka labari, don hankalinka yana kan littafi, nawa yana kan gona. Yau dai ya zama dole.

Mu Gyare muke ce masa, saboda kukansa. Akwati ne madaidaici mai nauyi, da fuska irin ta agogo da allura guda a ciki, da wata 'yar sandar ƙarfe da waya ta haɗa ta da akwatin, da abin da ake maƙalawa a kunne. Baturen da na yi aiki da shi, wanda leburori suka laƙaba wa Mai Guduma don ba ya rabuwa da gudumarsa ta fasa dutse, shi ya bayyana mini da Hausarsa mai ɗingishi. Ya ce akwai duwatsu da yashi waɗanda wani abu ke fita daga jikinsu dare da rana, kamar yadda ɗumi ke fita daga garwashi, sai dai shi wannan ido ba ya ganinsa, fata ba ta jinsa, ba shi da wari. Kaɗan daga cikinsa yana ko'ina, har a ƙasar da kake takawa. Amma in ya yi yawa, mutum ya daɗe kusa da shi, yana iya taɓa lafiya. Gyare kaɗai ke jinsa. A wuri na yau da kullum sai ka ji ƙyas, can kuma ƙyas, jefi-jefi. In an zo kan irin dutsen sai ya ruɗe da ƙara kamar ana toya gyaɗa a kasko, allura ta miƙe.

To ka ga inda wahalar take. Abin da ido ba ya gani, in akwati ya ce babu, wa zai ƙaryata shi? Saboda haka muna da wani ɗan gwangwani da aka liƙe cikinsa da dalma, nauyinsa ya fi girmansa, a ciki da ɗan dutse bai kai ƙwan zabo ba. Shi ne dutsen gwaji. An san ƙarfinsa tun daga Jos. Kowace safiya Mai Guduma yakan kunna Gyare ya saurari kukansa na banza tukuna, gwangwanin yana can nesa. Sannan a kawo shi a buɗe, a kwantar da sandar a kan wani ɗan katako da aka sassaƙa mata gurbi, don tazarar ta zama ɗaya kullum. Sai allura ta tashi ta tsaya kan wani jan layi da ya zana a gilashin. In ta kai layin, a fita aiki. Da yamma in an dawo, a sake.

Da farko ina ganin ɓata lokaci ne. Rana tana ɗagawa, an ɗaure wa jakuna kaya, mu muna tsugune gaban gwangwani. Na taɓa ce masa, "Ranka ya daɗe, ai jiya ya yi daidai." Ya ce, "Jiya ke nan, Isiyaku. Yau fa?" Na bi don ladabi, ba don na gamsu ba. Abin da ya gamsar da ni shi ne abin da ya sami Haruna.

Haruna yana cikin 'yan haƙarmu, mutumin wani ƙauye gabas da Doguwa. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma jininmu ya haɗu, tare muke cin abinci, tare muke salla. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, shi ke riƙe da mahaifiyarsa, Iya Kande. Mutum ne mai fara'a, ga hannu, duk abin da ya gani sai ya gwada yi. A shekarar da abin ya faru yana neman Hansai, 'yar Baffa Buba, wani dattijon Bafulatani da ya daɗe zaune kusa da ƙauyensu yana kiwo yana noma. Baffa Buba bai yi saurin yarda ba, don yana ganin ɗan haƙar kuza ba mazaunin gida ba ne. Yarinyar ce ta nuna shi take so. Uban ya duba, ya ga yadda Haruna ke kula da tsohuwa, ya ba shi. Aka sa biki kafin ruwa ya sauka.

Haruna da hannunsa ya gina ɗakin amarya. Da aka zo daɓe, ya so ya yi abin da ba a taɓa gani a ƙauyen ba. A wurin wankin kuza akwai wani baƙin yashi mai nauyi da ake zubarwa bayan an tsame kuzar, in rana ta doke shi sai ya riƙa walƙiya. Ya yi ta jidarsa a mangala ranakun hutu, ya sa aka cakuɗa shi da tsakuwar daɓe. Iya Kande ta gayyato matan unguwa suka wuni da madaɓai suna duka suna waƙa, aka bi da makuba. Ya zo sansani yana ba mu labari baki har kunne, yana cewa in an buɗe ƙofa da safe sai ka rantse ƙasan ɗakin yana yi maka ƙifce.

Na fassara wa Mai Guduma don ya yi dariya tare da mu. Bai yi ba. Ya tambayi daga wane rami aka ɗebo yashin, Haruna ya kwatanta masa. Ya ɗan sosa gemu ya ce irin wannan yashi, wani yana sa Gyare kuka, wani ba ya sa shi, kuma ido ba ya bambanta su. Sannan ya ce, "Gobe hanyarmu ta bi kusa da garinku. Sai mu leƙa ɗakin ango."

Washegari aka gwada Gyare, allura ta hau jan layi. Muka bar gwangwanin a sansani, ƙarƙashin wani dutse inda muka saba ɓoye shi, don in yana kusa yakan rikita awo. Tafiyar da nisa, saboda haka aka sa Gyare cikin akwatinsa na katako aka ɗora wa jaki. A gangaren wani rafi jakin ya zame, kayan suka juye, akwatin ya bugi dutse. Muka buɗe, gilashi bai fashe ba. Muka kunna, ya ce ƙyas, can ya sake cewa ƙyas. Kowa ya yi hamdala, muka ci gaba.

Da muka isa ƙauyen, jama'a suka cika ƙofar gidan, don ba kullum Bature ke zuwa ba. Na tuɓe takalmi na shiga ɗakin da Gyare a kafaɗa. Sa'idu, daɓen nan ya yi kyau. Sumul yake kamar bayan ƙwarya, baƙi mai ɗan ja, yana ƙyalli ta ko'ina. Na bi shi da sandar lungu-lungu. Ba abin da na ji sai ƙyas ɗin nan na jefi-jefi, allura tana kwance abinta. Mai Guduma ya karɓa ya saurara da kansa. Ya daɗe, ya yamutsa fuska, sannan ya ce a hankali, "Ban ji kome ba yanzu. Amma sai mun gani da yamma."

Mutane suka yi ta tambaya daga bakin ƙofa, "Me ya ce? Malam Isiyaku, me ya ce?" Haruna yana tsaye ya zuba mini ido kamar mai jiran hukunci. Na ce, "Ya ce bai ji kome ba." Rabin farko na faɗa, na biyun ban ga amfaninsa a lokacin ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Iya Kande ta dama mana fura mai sanyi, Haruna ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Aka ba shi izinin kwana gida, mu muka koma.

Ka riƙe wannan, ɗana. In aka ba ka magana mai gaɓa biyu ka isar, ka isar da ita duka, ko da gaɓa ta biyun ba ta da daɗi. Kuma kada ka ce wa kowa wuri lafiya yake kafin ka dawo ka gwada akwatinka a kan dutse. Ka ce musu an duba, za a tabbatar gobe. Mutane suna iya jira, ni shaida ne.

Mun isa sansani rana ta yi sanyi, ana shirin alwalar magariba. Aka kawo gwangwani aka buɗe, aka kwantar da sanda a gurbinta. Allura ta ɗan motsa kamar mai jin barci, ta koma ta kwanta. Mai Guduma ya gyara zaman sandar ya sake. Haka dai. Dutsen da kullum ke sa Gyare ɓaɓatu, yau ga shi a bakin hancinsa, ƙyas kawai yake yi jefi-jefi. Ya kwance bayan akwatin ya leƙa. Batir ɗaya ya tsage a gefe, waya ɗaya kuma ta kusa rabuwa da mazauninta. Ashe tun faɗuwar rafi Gyare bai mutu ba, kurmancewa ya yi. Da ya mutu ɗungum da mun gane tun a can. Ɗan kukan da ya rage masa shi ya yaudare mu.

Ya canja batir, ya ɗaure wayar, ya sake gwadawa. Allura ta tashi tsaye ta hau jan layi. Ya dube ni, na dube shi, kowa ya san abin da ke ran ɗan'uwansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, biki ya matso. An riga an gaya wa mutane, har an yi guɗa."

Ya zauna kan akwatin katako. Ya gaji ƙwarai a lokacin, zazzaɓi ya sha kama shi, kuma washegari ne motar da za ta kai shi Jos hutu za ta zo. Can ya ce, "Isiyaku, wataƙila babu kome a ɗakin. Ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba. Yau ba awo muka yi ba, yawo muka yi da akwati." Ya ɗan tsaya neman kalma. "Ko akwai, ba abin da zai kashe mutum gobe ba ne. Amma a ɗakin za su kwana shekara da shekaru. Jariri a ƙasa yake rarrafe, ƙasa yake kai wa baki. In ɗakina ne, ina so a gaya mini."

Na tashi na yi alwala.

Da safe aka gwada Gyare, ya yi daidai. Wannan karon ni na goya shi a bayana tun daga sansani, gwangwanin kuma aka ba wani lebura ya biyo mu daga nesa. Haruna yana gyaran darni muka yi sallama. Ya yi murna da ganinmu, har ya ga fuskata, sai murnar ta tsaya. Na gaya masa abin da ya faru ban rage kome ba. Muka je gindin wata tsamiya a bayan gari, aka buɗe gwangwani a gabansa, ya ga allura ta hau layi. Aka rufe, aka mai da shi nesa, muka nufi ɗakin.

Tun daga dokin ƙofa kukan ya canja. Da na sauke sandar kan daɓen, sai kunnena ya cika da ƙara, allura ta miƙe tana rawa. Na cire abin kunnen na miƙa wa Haruna. Ya saurara, ya taka zuwa tsakiyar ɗaki, ya taka zuwa inda za a sa gado, ko'ina haka. Muka fito tsakar gida, kukan ya lafa. Muka koma gindin tsamiya aka sake gwadawa a kan dutse, allura ta tsaya daidai inda ta tsaya ɗazu.

Haruna ya ce, "Malam Isiyaku, jiya da bakinka ka ce ba kome."

Na ce, "Na faɗa."

"To wanne zan ɗauka, na jiya ko na yau?"

Na ce, "Na yau, Haruna. Na yau an gwada shi kafin ya shiga, an gwada shi bayan ya fito, duk ka gani da idonka. Na jiya ya faɗi a rafi ya kurmance, ba mu sani ba."

Ya dubi gwangwanin ya ce, "Wato ɗan dutsen nan ne zai rushe mini ɗaki." Ya juya ya zaga bayan gida.

Kafin azahar magana ta zaga ƙauye, kuma ta canja kama a hanya. Aka ce akwatin Bature ya jiyo iska a ɗakin ango. Wasu suka ce yashin daga tsohon kabari aka ɗebo shi. Matan da suka yi daɓen suka fara duba tafin hannunsu. Na yi ta bayani har maƙogwarona ya bushe, cewa ba aljani ba ne, ba asiri ba ne, halittar yashin ce haka, kuma wunin da suka yi a kansa ba zai cuce su ba. Wasu suka ji, wasu ba su ji ba. Da la'asar ɗan aike ya zo daga rugar Baffa Buba. Ya ce Baffa yana gaisuwa, amma 'yarsa ba za ta shiga ɗakin da ƙarfe ke kuka a cikinsa ba, a dakata da maganar biki.

Ina tsaye a tsakar gida ban san inda zan sa kaina ba, sai Iya Kande ta fito daga madafa. Tsohuwa ce 'yar firit, hannuwanta duk kanta. Ta ce, "Isiyaku, zo nan. Tambayi Baturenka. In an kwashe ƙasar nan, abin zai tafi, ko ya kama ɗakin ke nan?"

Na tambaye shi. Ya ce yashin ne kawai, in ya fita abin ya fita.

Ta ce, "Ka tabbata haka ya ce? Duka ka faɗa mini?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Duka ke nan, Iya."

Ta gyara ɗamara, ta ɗauki fartanya a jikin rumbu, ta shiga ɗakin. Muna ji ta yi bisimilla, ta kai wa daɓen sara. Daɓen da ta wuni tana duka da hannunta, ta bi shi da makuba, ta hana ko kaza ta taka. Fartanyar ma ƙin shiga ta yi saboda taurinsa. Ta sake sarawa. Ban san lokacin da na karɓi diga a hannun wani na bi ta ba.

Mai Guduma ya aika aka ce wa mai mota ya tafi, shi sai wani zuwan. Ya kirawo sauran leburori daga sansani. Ya sa aka riƙa yayyafa ruwa kafin a sara don kada ƙura ta tashi, kowa ya ɗaure hanci da ƙyalle, in an gama a wanke hannu kafin a ci abinci. Aka yi ta loda wa jakuna ana mayarwa tsohon ramin da aka ɗebo, a rufe da jar ƙasa. Muna cikin yi Haruna ya shigo. Bai dube ni ba. Ya zare digar daga hannuna ya shiga sara kamar mai faɗa da wani, hawaye da gumi sun haɗu a fuskarsa. Na fita na ba shi wuri.

Da aka gama kwashewa, limamin ƙauyen da wani ƙanen Iya Kande suka je ruga suka ba Baffa Buba haƙuri, suka roƙe shi ya zo ya gani da idonsa. Ya zo da hantsi, dogo siriri, da malfa da sanda a kafaɗa. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi shanu, aka tambayi iyali. Sannan ya nuna Gyare da bakin sandarsa ya ce, "Malam, an ce mini abin nan ran nan ya ce babu, kashegari ya ce akwai. Yau in ya ce babu, don me zan yarda?"

Na bayyana masa dutsen gwaji, aka buɗe gwangwani ya ga allura ta hau layi. Ya kaɗa kai ya ce, "Dutsenku ne, akwatinku ne. Sun saba da juna." Ya sa aka kawo masa ƙwarya biyu da faifai biyu. Ya aika aka ɗebo ɗan ragowar tsohon daɓen da ya zube a bakin hanya, ya zuba a ɗaya, ya cika ɗayar da ƙasar tsakar gida. Ya shige da su zaure shi kaɗai, ya rufe kowace da faifai, ya fito da su ya ajiye nesa da juna. Ya ce, "To, gyaren naku ya faɗa mini wacce ce wacce."

Da na fassara, Mai Guduma ya yi murmushin da na daɗe ban ga ya yi ba. Ya ce a ba dattijo ya riƙe da kansa. Baffa Buba ya ture malfa baya, na maƙala masa abin kunnen, na sa masa sandar a hannu. Ya kai ta kan ƙwarya ta farko, ya tsaya ya saurara. Ya kai ta kan ta biyu, sai ya zabura ya ja da baya, ya faɗi wata kalma da Fillanci, jama'a suka fashe da dariya. Ya ɗaga faifan, ga tsohon daɓe. Bai tsaya nan ba, ya mai da ƙoren zaure ya sauya musu wuri ya sake, Gyare ya sake nuna ta.

Sannan ya tuɓe takalmi ya shiga ɗakin, ina bin sa da akwatin a kafaɗa saboda wayar. Ba lungun da bai kai sandar ba, har gindin bango, har bayan ƙofa. Ya daɗe a inda za a sa gado. Da muka fito, shi da kansa ya ce, "A kawo dutsen nan kuma. Kada ya zama akwatin ya kurmance muna ciki." Aka kawo, allura ta hau layi. Ya cire abin kunnen ya miƙa mini, ya juya wajen Iya Kande ya ce, "Yaushe ne sabon daɓen? Zan turo matan gidana su kama muku. Tsakuwa kuma daga fadamata za a ɗebo."

An ɗaga bikin zuwa bayan shuka, aka yi shi lafiya. Na je ɗaurin aure. Haruna ya miƙo mini 'yan yatsu, ya kau da kai. Bai koma aikin haƙa ba, ya kama noma tare da surukinsa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ina ƙaunarsa. Amma ban ga laifinsa ba. An ɗaga shi sama a gaban mutanen garinsu, washegari aka sake shi ya faɗo a gabansu. Da tun farko an ce masa ya jira gobe, da zafin bai kai haka ba.

Saboda haka, Sa'idu, in ka je za su koya maka abin da ya fi wanda na sani, da lissafi da Turanci. Ka koya da kyau. Amma wannan ɗan aikin na safe da yamma, shi ne wanda za ka fara rainawa in hannunka ya saba, don kullum amsa ɗaya yake bayarwa. Kada ka raina shi. Ka gwada kafin ka fita, ka gwada in ka dawo. In akwatin ya faɗi, ko ruwa ya taɓa shi, ko ka canja batir, ka tsaya nan take ka gwada, ko da mutane suna jiranka a rana. Mu tun daga ranar ba mu ƙara barin gwangwani a sansani ba. In allura ta gaza layin ko ta zarce shi, akwatin ba shi da ta cewa sai an gyara, kuma duk abin da ya faɗa tun gwajin baya ka ɗauka bai faɗa ba. Ka fi jin tsoron shirunsa a kan kukansa. In ya yi kuka kowa zai tsaya ya bincika. In ya yi shiru kowa murna yake, ba mai tambaya.

Dutsen kansa kuma ka girmama shi. Kada ka sa shi aljihu, kada ka kwana da shi kusa da kai, kada ka ba yara su yi wasa da shi. Ka buɗe, ka gwada, ka rufe, ka wanke hannu. Ni da innarka muna so mu ga 'ya'yanka.

In kuma wata rana ya kama ka koma wurin mutum ka ce masa maganar jiya ba daidai ba ce, ka tafi da ƙafarka, kada ka aika. Ka faɗa da taushi, ka tsaya ka taya shi ɗaukar abin da ya biyo baya. Kada ka sa ran godiya a ranar.

Bara na je ta'aziyya Doguwa, na ce bari in ratsa ƙauyen. Idon Iya Kande ya tafi, tana zaune a inuwar rumbu, jikoki suna hawa bayanta. Ina yin sallama ta ɗaga kai ta ce, "Wannan ba mai Gyare ba ne, wanda ya sa ni daɓe biyu a shekara ɗaya?" Ta yi ta dariya tana laluben hannuna. Hansai ta kawo mini nono. Haruna ya dawo daga gona, muka gaisa, ya tambayi iyali, har ya tambaye ka. Bai ɗauko tsohon zance ba, ni ma ban ɗauko ba.

Da na tashi tafiya ya ɗauki jakata ya ce zai taka mini. Muka wuce bakin gari inda mai rakiya ke komawa, bai koma ba. Muka wuce gonaki, bai koma ba. Sai da muka kai bakin hanyar mota ya tsaya, ya miƙo mini jakar, ya ce, "Malam Isiyaku, a lokacin na ji haushinka ƙwarai."

Na ce, "Na sani, Haruna."

Ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Amma fa daɓen nan ya yi kyau."

Na ce, "Wallahi ya yi kyau. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba na jin zan ƙara gani."

Ya yi dariya, ya goge ido da hannun riga, ya kama hannuna da hannu biyu. Muna nan tsaye a haka har motar ta zo.

Takarda ta kusa cika, hannuna kuma ya gaji. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ko a bakin rami kake. Ka gai da na gaba da kai, ka tausaya wa masu haƙa da masu ɗaukar kaya, ubanka daga cikinsu ya fito. An ce garin da sanyi, ka nemi bargo tun ranar da ka sauka. In ka sami mai zuwa wajenmu ka aiko da 'yar takarda, ni zan karanta wa innarka, ko da zan wuni ina haɗa baƙaƙen.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Allah Ya sa albarka a hannunka da kunnenka, Ya sa ka zama mai faɗin abin da ka ji kamar yadda ka ji shi. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mana. Allah Ya dawo mana da kai muna raye.

Ni ne mahaifinka,
Isiyaku.